Tunkiyar da Aka Bar wa Sahabi

Na daɗe ina jinkirin rubuta labarin Sahabi ɗan kabu-kabu, domin har yau ban gama yanke hukunci ba ko abin da ya yi kirki ne, ko kuwa taurin kai ne da ya dace da suna mai kyau. Shekarun da na yi ina karatu nesa da gida sun koya mini cewa dukiyar da ba a juyawa asara ce. Da na dawo Illela sai na tarar mutanen garin ma haka suke gani, ba tare da sun je ko'ina ba. Garin da ake sayen abu da hantsi a sayar kafin azahar ba shi da haƙuri da mai ajiya. Amma duk wanda na tambaya game da Sahabi sai ya ja tsaki tukuna, sa'annan ya ce in ina da saƙo zuwa Ƙwanni in ba shi. Abin da ya sa na bi labarin ke nan, daga bakinsa da na mahaifiyarsa.

Yana ɗan shekara goma sha tara abin ya same shi. Mahaifinsa ya rasu ya bar musu gida mai ɗaki uku a bayan kara, wato kasuwar dabbobi, da wani tsohon mashin. Mashin ɗin Sahabi ya hau ya shiga ɗaukar fasinja tsakanin Illela da Ƙwanni. Lokaci ɗaya suka fara da abokinsa Mukhtari, suna tsayawa gindin wani dogonyaro a bakin kara.

Ranar Lahadin farko bayan Babbar Sallah, a shekarar da aka fara rufe iyaka, kasuwa ta ci amma ba armashi. Kowa ya riga ya yi layya, dabba ta faɗi warwas. Wajen azahar wata tsohuwa ta fito daga kara tana jan tunkiya uda, gabanta baƙi bayanta fari, ciki ya fara yi mata nauyi. Tana tafe tana zagin dillalai da iyayensu.

"Kai ɗan mashin, nawa za ka kai mu Ƙwanni, ni da wagga?"

Ya faɗa, ta raba biyu, suka daidaita.

"To riƙe mani ita in sawo kanwa. Yanzu in komo."

"To, Iya."

Bai tambayi sunanta ba, ita ma ba ta tambayi nasa ba. A Illela wa ke tambayar sunan wanda zai dawo yanzu? Mutanen tsallake kamar mutanen unguwar gaba suke, wanda ba ka gani yau ba ka gan shi Lahadi mai zuwa.

Ba ta daɗe da shigewa ba hadari ya taso daga gabas, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sahabi ya dubi tunkiya mai ciki tana rawar sanyi, ya ja ta ya tsallaka hanya, ya raɓa a rumfar masu hatsi. Da ruwa ya ɗauke ya komo gindin dogonyaro ya tsaya. La'asar ta yi, kasuwa ta fara watsewa. Mukhtari ya yi sawu shida ya dawo, har yanzu Sahabi na tsaye da igiya a hannu kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Da aka kira magariba ya ja ta gida.

Mahaifiyarsa, Inna Hindatu, ta ɗago daga bakin murhu.

"Wagga hwa?"

"Ta wata tsohuwa ta. Gobe tana zakuwa."

Bayan kwana biyu aka rufe iyaka. Masu ƙarfin ƙafa suka ci gaba da ratsawa ta gonaki, amma tsohuwa ko ƙyallinta.

Sahabi ya yi abin da ake yi. Ya kai ta wajen sarkin kara, aka yi cigiya Lahadi uku a jere. Masu ita suka fito har mutum biyar, kowa da rantsuwa. Sai dai akwai wata tsaga biyu a ƙarƙashin kunnenta na hagu, wadda sai an ɗaga kunnen ake gani, ba kuwa wanda ya iya faɗinta. A Lahadi ta huɗu sarkin kara ya miƙa masa igiyar, ya ce shi aka ba, shi ya sani, dusar da ta ci ma ya yafe.

Daga nan ya nufi zauren Malam Jibril, limamin unguwarsu, da fatan jin abin da zai sauke masa nauyi. Ya ji ana cewa tsintuwa in ta shekara ana cigiya ba a sami mai ita ba, ta halatta.

"Tsintarta ka yi?" in ji Malam.

"A'a, ba ni ita anka yi."

"Mi tac ce maka?"

"Tac ce in riƙe mata."

"Kai mi kac ce?"

"Nic ce to."

Malam ya rufe littafin da ke gabansa.

"To ai ka gama magana, ɗana. Tsintuwa tana da wa'adi. Amana ba ta da shi. In ka ji tsoron ta lalace, kana iya saida ta ka aje mata kuɗɗinta."

Sahabi ya fito yana ƙunƙuni. Ɗan Illela ne, tun yana goye yake jin yadda naira ke narkewa a gaban sefa. Ya sayar da tunkiya yau, tsohuwa ta zo baɗi ya miƙa mata abin da ba zai sayi kaza ba a ƙasarsu? Gara ya riƙe. Ai dai ba za ta wuce wata ɗaya ba.

Cikin watan nan tunkiya ta haifi tagwaye, duka mata.

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san abin da ya biyo baya. Wata takwas ta sake zubo biyu. 'Ya'yan suka girma suka ɗauko halin uwarsu. Abin da makiyayi ke roƙon Allah ya ba shi, shi Sahabi ke gani ya dafe kai. Kowace safiya in ya ji sabon kuka a tsakar gida sai gabansa ya faɗi. Turke ɗaya ya zama biyar, biyar suka zama garke. Suka cinye zogalen Inna Hindatu, suka cinye zanan banɗaki, suka kai ga tabarmar sallarta. Ɗakin da aka ce na Sahabi ne in ya yi aure ya koma ɗakin harawa.

Kafin ya ɗauki fasinjan farko ya riga ya yi sawu biyu zuwa Amarawa ɗauko harawa, mashin ya ɓace a ƙarƙashin kaya sai ƙafafunsa kaɗai ake gani. Abin da ya samo da rana, dusa ta cinye rabi da yamma. Kowane fasinja kuwa, in dai daga tsallake yake, sai ya sha tambaya: ko ka san wata tsohuwa, gajeriya, mai faɗa, da ta ɓatar da tunkiya? Wani ya ce masa duk tsofaffin ƙasarsu gajeru ne masu faɗa.

Abin da ya fi ci wa Inna Hindatu rai shi ne layya. Sallah ta zo, raguna takwas a ɗaure a gidanta, kowanne ƙaho ya murɗe, maƙwabta na leƙowa ta katanga suna cewa ma sha Allah, amma naman da za a ci a gidan sai wanda aka aiko musu a kwano.

"Ga ƙoshi ga kwanan yunwa," in ji ta. "Sahabi, ni kam mi nai maka? Ɗaya dai. Wancan ƙaramin mai ɗingishi. In ta zaka mu ce kura ta ci."

"Inna, wace kura cikin Illela?"

"To mu ce ni nac ci! Ta zaka ta kama ni."

Ba a yanka ba. Shi ma ba don ba ya son nama ba. Ya tsaya a gaban ragon mai ɗingishi ya daɗe yana kallon cinyarsa. Sai muryar nan ta faɗo masa, yanzu in komo, ya ja tsaki ya shige ɗaki. Haushin tsohuwar yake ji, haushin ruwan sama, haushin bakinsa da ya yi saurin cewa to.

A gari kuwa an gama yi masa hukunci: mai arziki ne, marowaci. Maroƙa suka fara tare shi a hanya suna kiransa mai garke ɗan mai garke. In an tashi gyaran masallaci sai a fara da ƙofar gidansu. In ya ce ba nasa ba ne sai a yi dariya, a ce duk masu shi haka suke cewa. Akwai wata yarinya, Radiyya, da suka shekara biyu suna son juna. Mahaifinta ya zo da kansa ya ga gidan, ya ga tumaki, ya ga takalmin Sahabi da aka ɗinke da waya, ya koma ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ke rowar kansa ba. Aka aurar da ita a Tozai. Ranar ɗaurin auren wata 'yar tunkiya ta haihu, kuma Sahabi ne ya yi mata unguwar zoma.

Mukhtari kuwa tuni ya bar mashin. Rufe iyakar da ta karya wasu ita ta ɗaga shi. Ya buɗe shago, ya ƙara na biyu, ya sayi mota mai sanyi, aka fara ce masa Alhaji tun bai je ba. Bai yar da abokinsa ba, wannan kam kowa ya shaida. Yakan tsaya gindin dogonyaro ya sauke gilashi.

"Sarkin kiwo! Yaya iyali? Na ji an ƙaru."

"Allah ya shirye ka."

"Shigo ka sha sanyi, ka bar warin tumaki waje. Sahabi, wai kai wane irin mutum na? Kana zaune bisa jari kana yawo da yagaggar riga. Saida su, mu zuba ga kaya. Shekara guda ka ninka. Ranar da tsohuwarka taz zaka, in ma tana da rai, ka sai mata tumkiya goma, har da mota ta kai mata su."

"In kayan sunka ƙone hwa? In anka kama su?"

"To sai mi? Wa ya san ta? Wa za ya tambaye ka?"

Maganar ta zauna masa, don ba ƙarya a cikinta. Ba wanda zai tambaye shi. Sati biyu tana cinsa. Lahadin da ta biyo, ana saura wata ɗaya Sallah, dabba na tsada, ya kwance raguna uku mafiya girma ya ja su kara. Dillali ya ƙwace igiyoyin tun daga bakin ƙofa. Nan da nan wani fatake daga kudu ya taya, dillali ya ce albarka, aka ƙara, aka sake ƙarawa, har aka kai inda Sahabi bai taɓa riƙe kwatankwacinsa a hannu ba. Dillali ya kamo hannunsa ya haɗa da na fataken.

"Ka sallama?"

Kalma ɗaya ce ta rage. Sahabi ya buɗe baki. Abin da ya gani shi ne mai sallamawa sai mai abu, shi kuwa mai riƙo ne. Ya zare hannunsa.

"Ba nawa ba na."

"To na uban wa na? Satowa ka yi?"

Ya ja ragunansa ya fita, dillali na bin sa da zagi har bakin titi, mutane na dariya. Ya iso gida ya ɗaure su a inda ya kwance su, ya zuba musu dusa, ya zage su ɗaya bayan ɗaya.

A shekara ta shida garke ya kai talatin da tara. Malam Jibril ya tare shi bayan sallar asuba ya tuna masa cewa tumaki in sun cika arba'in zakka ta hau kansu, kuma shi ne zai fitar a madadin mai su. Sahabi ya tsaya yana kallonsa. Shi da in ana rabon zakka ya cancanci a ba shi, shi ne zai fitar, daga dukiyar da bai taɓa ɗanɗana ko romonta ba. Ranar ya raba maza da mata, ya kafa zana a tsakani. Kafin azahar wani rago ya bi ta cikin zanan kamar labule.

A cikin wannan hali ne wata Laraba ya ɗauko wata mata daga bakin iyaka za ta suna Amarawa, da ƙullin kaya a cinya. Sunanta Latifa, mai surutu ce. Da suka iso tasha ta ce ya tsaya ta sayi sabulun barka. Ya ce ta bar ƙullin ya riƙe mata.

"Wa? Ni? In bar ma ɗan kabu-kabun Illela kaya? Allah ya tsare. Ku da kunka sace ma uwar mijina tumkiya da rana tsaka!"

Ta sayo sabulunta ta hau, ta ci gaba da labari a bayansa, iska na kwashe rabi. Tsohuwa ta ba yaro riƙo, ta shiga sayen kanwa, ruwa ya sauko, ta fito cikin ruwan ta tarar ba yaro ba tunkiya. Ta yi ta kururuwa har mutanen garinsu suka ɗora ta a amalanke. Sanyin ranar ya kwantar da ita wata biyu, tun daga nan ɗanta ya hana ta zuwa kasuwa.

"Har yau kullum ta sallame sallar asuba sai ta ja mashi Allah ya isa. Garinmu in yaro ya ɗauki abin wani, ɗan Illela aka ce mashi."

Sahabi ya taka birki har ta buga goshi a bayansa.

"Kai lahiya? Kashe ni za ka yi?"

"Tumkiyar. Wace shaida gare ta?"

"Ina ruwanka?"

"Don Allah, Yaya."

"Tsaga biyu ƙarƙashin kunnen hagu. Shaidar gidanmu ta."

Ya juya mashin. Latifa ta fara salati da ƙarfi tana dukan kafaɗarsa, tana kiran jama'a su shaida. Bai tsaya ba sai ƙofar gida, ya ƙwala wa Inna Hindatu kira ta fito ta shiga da ita. Shi ya tsaya a waje. Ya ji surutun ya ɗauke ɗif. Can sai ya ji muryar mahaifiyarsa.

"Ɗiyata, kwashe su. Yau. In kina so in taya ki kora."

Washegari da hantsi ya ɗaure tsohuwar tunkiyar a gaban mashin, ta tsufa haƙora sun zube, Latifa a baya, suka bi hanyar gonaki zuwa Gidan Yari, wani ƙauye arewa da Ƙwanni. A hanya ba murna yake ba. Lissafin asubahi yake. Kusan shekara shida, kullum yana tashi ɗauko harawa, ashe a daidai lokacin wata na can tana kai ƙararsa wajen Allah.

Suka tarar da tsohuwar, Iya Ruƙayyatu, a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta ƙara ƙanƙancewa, amma ita ce. Labari ya riga su isowa, rabin gari ya taru, har da mai gari da ɗanta Hamidu, mijin Latifa. Ba ta dubi Sahabi ba. Ta tashi ta ɗaga kunnen tunkiya, ta shafa bayanta, ta buɗe bakinta ta leƙa.

"Ta rame. Mi kaka ba ta?"

Sahabi ya dubi tunkiyar.

"Harawa da dusa, Iya. Tsuhwa ta yi."

"Hm." Sai yanzu ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa. "To. Tunda ka maido, na yahe maka."

Jama'a suka ce alhamdu lillahi. Mai gari ya ɗaga hannu zai yi fatiha.

"A dakata," in ji Sahabi. "Kin yahe mani mi?"

"Satar da ka yi."

"Ban yi sata ba. Ruwa anka yi, na kai ta rumhwa don kar ta jiƙe. Na komo na tsaya har magariba."

"Ni dai na zaka ban ishe ka ba."

"Taku ashirin, Iya! Da kin waiga da kin gan ni!"

"Cikin wanga ruwa wa ka waige? Nic ce ka riƙe, ban ce ka yi yawo da ita ba."

Hamidu ya matso ya kama hannunsa yana raɗa masa cewa ya bar ta, tsufa ne, ya karɓi yafiyar a wuce wurin. Hankalin Hamidu na kan talatin da takwas ɗin da matarsa ta ba shi labari. Amma Sahabi ya ƙi. Ya ce bai zo neman yafiya ba, don yafiya ta mai laifi ce. In ya karɓa, ya tafi a ɓarawon da ya tuba, kuma yaran garin nan za su ci gaba da zagin juna da sunan garinsu. Ya ce tumaki nata ne, gobe zai koro su ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba. Amma yana son ta faɗa da bakinta, a gaban mutanen da ta shekara shida tana gaya wa.

Ya zauna a ƙasa, ya naɗe ƙafa.

Tsohuwa ta koma kan gyaɗarta. Latifa ta durƙusa kusa da ita tana ba ta labarin abin da ta gani: zogalen da aka cinye, ɗakin harawa, raguna a ɗaure da ba a taɓa yanka ko ɗaya ba.

"Ko da layya?" in ji tsohuwa.

"Ko da layya. Uwarshi ta hwaɗa mani tana kuka."

"Duka ɗiyan wagga na?"

"Da jikoki."

Iya Ruƙayyatu ta ajiye ƙwaryar. Ta daɗe tana kallon takalmin Sahabi.

"Mi sunanka?"

"Sahabi."

"Ɗan wa?"

Ya faɗa. Ta dafa rumbu ta miƙe, ta juya wajen mai gari, ta ɗaga murya yadda na bayan katanga za su ji.

"Ku shaida, wanga yaro Sahabi bai ci mani komi ba. Allah ya isan da nij ja, na janye ta duka, ta koma inda tat hito. Ba ɓarawo ba na." Ta ɗan tsaya. "Sakarai dai na. Rago takwas, ka bar uwarka da kwaɗai."

Aka fashe da dariya. Sahabi ya auna maganar, ya ga ta ishe shi. Ya ce a yi fatiha.

Mai gari ya ce a al'adarsu mai kiwo yana da kashi ɗaya cikin uku na abin da aka haifa a hannunsa, kuma ba alfarma ba ce, haƙƙi ne. Hamidu ya ɗan ɓata fuska, uwarsa ta harare shi ya gyara. Aka ce Sahabi ya zaɓa, har da mata masu ciki, don ya kafa nasa garken.

"Mata? A'a. Wallahi ko ɗaya. Ku ba ni abin da ba shi haihuwa."

Aka yi ta fama da shi. A ƙarshe ya ɗauki raguna biyar, ya ce sauran ya bar wa tsohuwa. Kwana biyu bayan haka shi da Hamidu suka kora garken ta burtali, Inna Hindatu na tsaye a ƙofar gida tana yi musu rakiya da tsintsiya.

Da labari ya kai wa Mukhtari sai ya zo har gida, ya tsaya a tsakar gidan da ya zama fili, ya riƙe ƙugu.

"Goma sha uku anka ba ka, halal, da shaidu, kad ɗauki biyar. Shekara shida! Kai ko kura da shan bugu ta fi ka dabara."

"Zauna ka sha hura."

"Ba ni sha. Haushinka nika ji."

Ya zauna ya sha.

A Sallar bana an yanka rago a gidan, mafi girma, Inna Hindatu ta aika wa duk wanda ya taɓa aiko mata, kwano ya fi kwano. Sauran huɗun Sahabi ya sayar, wannan karon ya ce ya sallama tun dillali bai rufe baki ba. Ya canja injin mashin, ya ta da katangar da tumaki suka rusa. Har yanzu kabu-kabu yake yi, a gindin dogonyaron nan. Bai yi arziki ba, kuma maroƙa sun daina tare shi, abin da ya ce ya fi komai yi masa daɗi.

Ranar da muka yi hira ta ƙarshe na tambaye shi, da ya tashi ya ga ba bakin da ke jiran dusa, mene ne farkon abin da ya saya wa kansa?

Ya yi dariya, ya sosa ƙeya.

"Kwana uku ina yawo da kuɗɗin ga aljihu, ban san abin da mutane ka saye ba. Rana ta huɗu nis sayi kankana guda, babba, niz zamna nan nish shanye ta ni ɗai. Ɓawon ma nan niy yashe shi, nit tashi nib bar shi."